Maki Biyun da Nunzia Ta Ƙi Jefawa

Akwai wata mata a garinmu, can kudancin Italiya, mai suna Assunta. Shekararta ashirin tana aiki a kamfanin tumatirin gwangwani. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Nunzia, wadda ta ɗauko tsawon ubanta. Idan Nunzia ta riƙe ƙwallon kwando, da wuya hannunta ya kuskure raga.

A zamanin akwai wata gasar kofin Turai ta ƙungiyoyin mata. Ba ita ce babbar ba, mai bi mata ce, kuma ita ce ƙananan garuruwa irin namu ke iya sa wa rai. Idan an zo zagayen sili ɗaya ƙwale, ƙa'idarta a fili take: ku buga a gida, ku buga a waje, a haɗa makin wasannin biyu, wanda ya fi yawa ya wuce. Har tsohuwa mai sayar da kifi a kasuwa ta san wannan.

Kyaftin ɗin ƙungiyar garin ita ce Ornella. Shekararta talatin da huɗu, an yi mata aiki a gwiwoyinta duka biyu. Shekara goma sha biyar tana buga wannan gasa, ba ta taɓa kai wasan ƙarshe ba. Ita ce ta ga Nunzia tana 'yar shekara goma sha biyu tana jifan bango da ƙwallo a farfajiyar coci, ta kama hannunta ta kai ta wurin koci, mai horar da 'yan wasa.

A wannan shekarar Allah ya kai su wasan kusa da na ƙarshe, za su kara da wata ƙungiya daga ƙasar Foland. Jarida ta buga hoton Nunzia sau uku a wata ɗaya. Tun daga nan Assunta ta lura tafiyar 'yarta ta canza, maganarta ma ta canza.

Ranar Lahadi kafin wasan farko, Ornella ta zo cin taliya a gidansu. Ta zauna da kyar, tana dafa teburi.

"A kawo wa Kaka sanda," in ji Nunzia tana dariya. "Ko in goya ki zuwa filin?"

"Na goya ki shekara goma, yanzu lokacinki ne," in ji Ornella. "Ke dai ki tuna, kowane maki ɗaya da nauyinsa. Ba wasa ɗaya za mu yi ba."

"Haba Yaya, waɗannan fararen kajin? Sai nawa na ga dama zan ba su."

Assunta ta ajiye cokali. "Ke 'yar nan, baki shi ke yanka wuya."

"Mama, ke tumatir kika sani. Bar mana ƙwallo."

Assunta ta ɗauki cokalinta ta ci gaba da cin abinci. Gaskiya ne ba ta san dabarun wasan ba. Amma ta san girman kai idan ta gan shi, kuma ba ta san yadda ake cire shi daga zuciyar wadda ta fi ta tsawo da taku biyu ba. Ta je coci ta kunna kyandir, iyakar abin da ta iya ke nan.

Ranar wasan, zauren ya cika har kan matakala. 'Yan garinmu suka yi ta cin baƙin. Akwai wata 'yar Foland mai lamba tara da aka sa ta tsare Nunzia, ta yi ta jan rigarta tana taka mata ƙafa tun daga farko.

Saura daƙiƙa shida a tashi, muna gaba da maki goma sha biyu, Nunzia ta ƙwace ƙwallo. Mai lamba tara ta biyo ta, santsi ya kwashe ta, ta faɗi. Nunzia ta isa ƙarƙashin kwando ita kaɗai, babu kowa a gabanta.

Sai ta tsaya. Ta juya ta miƙa wa wadda ke ƙasa ƙwallon kamar mai yi wa yaro tayin alewa, ta janye, ta sake miƙawa. Jama'a suka fashe da dariya da tafi.

Daga inda Assunta take zaune ta hango Ornella tana ɗingishi daga tsakiyar fili, tana ɗaga hannu tana cewa, "Jefa, Nunzia, jefa." Hayaniya ta haɗiye muryarta. Aka busa tashi, ƙwallon yana hannun Nunzia.

Kowa ya fita yana murna. Assunta kuwa ta wuce gida kai tsaye.

A gida ta ce mata, "Me yarinyar mutane ta yi miki da za ki wulaƙanta ta a gaban gari?"

"Ba ki ga yadda ta tattake ni ba?"

"Na gani. Na kuma ga Ornella tana roƙonki."

"Sha biyu fa muka ba su, Mama. Ko da ƙafa ɗaya zan riƙe wannan. Yaya ta cika tsoro, tsufa ne."

Bayan mako ɗaya suka tafi Foland. Assunta ba ta samu izini a wurin aiki ba. Da yamma bayan an tashi, ita da sauran mata suka taru a zauren bayan coci, suka kewaye rediyo. Carbinta yana hannunta.

Tun daga farko abin ya juye. Mai ba da labarin wasan ya ce ba a taɓa jin irin wannan ihu ba, duk lokacin da Nunzia ta taɓa ƙwallo sai zauren ya ɗauki fito. Ashe gidan talabijin ɗinsu ya yi mako guda yana nuna musu abin da ta yi wa 'yarsu. Mai lamba tara kuwa ta zama kamar wadda aka hura wa wuta.

Kada a rage wa Nunzia haƙƙinta, ta yi wasa ranar. Maki talatin da ɗaya ta ci ita kaɗai. Amma saura minti biyu alƙalin wasa ya busa mata laifi na biyar, wanda ke fitar da ɗan wasa. Ta koma benci, an fi mu da goma.

"Goma ai ba komai, da saura biyu a hannunmu," in ji wata mata.

"Ki yi shiru don Allah," in ji ta kusa da ita.

Assunta ta runtse ido. 'Yarta tana can wata ƙasa a kan benci ba ta iya komai, ita ma tana nan gaban akwatin rediyo ba ta iya komai. Ta ji an ce sha biyu. Ta ji Ornella ta ci biyu, ya koma goma. Ta ji mai lamba tara ta jefa daga nesa, maki uku.

Aka tashi an fi mu da goma sha uku. Da aka haɗa, maki ɗaya tak ya fitar da mu.

Aka kashe rediyo. Ba wadda ta kalli Assunta, kuma wannan ya fi mata ciwo a kan a zage ta.

Nunzia ta dawo ta shige ɗaki. Kwana huɗu Assunta tana ajiye abinci a bakin ƙofa tana ɗauke shi yadda ta ajiye. A rana ta biyar ta fito, ta rame, ta ce, "Mama, baɗi zan kai Yaya wasan ƙarshe, ko zan mutu a fili."

Ta kuwa dage. Ta daina zuwa wurin 'yan jarida, ta riƙa riga kowa zuwa atisaye. Assunta ta fara samun sauƙi a ranta.

Da bazara ta shigo, sai labari ya zo daga hukumar wasan: an rufe gasar, daga bana babu ita, za a kafa wata sabuwa. A makon ne kuma likita ya gaya wa Ornella cewa idan ta ƙara kakar wasa ɗaya, ba za ta iya hawa matakalar gidanta ba.

Nunzia ta kasa zuwa ita kaɗai, sai da uwar ta raka ta. Suka tarar da Ornella a baranda, ta miƙe ƙafa a kan kujera. Nunzia, da duk tsawonta, ta durƙusa a gabanta.

"Yaya, ki yafe mini."

"Tashi, kin tare mini rana," in ji Ornella. "Na yafe miki tun muna cikin mota a Foland."

"Akwai sabuwar gasar. Ko minti biyar ne ki buga, ni zan yi sauran."

"Sabuwar taku ce, ƙanwata. Tawa an rufe ta." Ta shafa kan Nunzia. "Da yafiya tana shiga kwando, da na jefa miki ita tun ranar."

A hanyar komawa Nunzia ta tsaya a tsakiyar titi, hawaye yana zuba. "Mama, to yanzu me zan yi mata?"

Assunta ta kama hannun 'yarta.

"Babu, 'yar nan," ta ce. "Wannan kam babu."

Darasi: Alherin da ke hannunka yanzu ka yi shi yanzu, kada girman kai ya sa ka tsaya wulaƙanta wani. Sau da yawa ba mai girman kan ne kaɗai ke biya ba, har da wanda ya ɗauke shi ya raine shi. Ana yafe laifi, Allah ma yana yafewa, amma wata damar ba ta da baɗi. Ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku, musamman waɗanda Allah ya ɗaga, tun ƙwallon yana hannunsu.