Ya Kashe wa Tsoho Fitila Don Neman Suna Mafi Girma

An yi wani mutum a nan Bronx, ɗan zangon Kumasi. Ba zan faɗi ko wane ne ba. Wasunku sun sha shayi tare da shi.

Ya shigo ƙasar nan ba shi da sana'a. Hajiya Abiba, ƙanwar babarsa, ita ta kama hannunsa ta sa shi aikin jinyar tsofaffi. Kun san matsayin mutanenmu a wannan aiki. Iyayenmu mata ne suka gina mana shi, da wankin jikin iyayen wasu, da haƙuri, har ya zama in aka ce mai jinya ɗan zango ne, sai iyali su miƙa makullin gida su tafi aiki hankali kwance. Wannan abin alfaharinmu ne.

Abiba ta daɗe tana kula da wani tsoho Bayahude, wanda a dā malamin addininsu ne. Da ciwon gwiwa ya matsa mata, sai ta ce da 'yar tsohon, "Ga ɗana. Yadda kika yarda da ni, ki yarda da shi."

Idon tsohon ya yi rauni, ƙafa ma haka, amma kansa garau yake. Malami kuwa ko a gado yake yana son ɗalibi. Mutumin yana ba shi abinci, shi kuma yana koya masa sunayen Allah da Ibrananci, harshen littafinsu. Elohim, in ji shi, shi ne sunan da aka buɗe labarin halitta da shi, Mai ƙarfi, Mai hukunci. El Elyon, Maɗaukaki. El Shaddai, Mai iko duka. Sai El Ro'i, wato Allah mai ganina, sunan da Hajara ta kira shi da shi a jeji, ranar da ba ta da kowa.

Mutumin nan yana da ƙwaƙwalwa, sau ɗaya ake faɗa masa abu. In ya tashi aiki ya sauka a unguwar Mount Hope, sai ya zarce shagon shayi ya zazzage abin da ya kwaso. Direbobin tasi su kasa kunne. Wanda jiya ba a tambayarsa komai, yau ana jawo masa kujera. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya canza hula, ya rage saurin tafiya. In liman yana fassara sai ya riƙa murmushi, wai bawan Allah harshe ɗaya ya sani.

To akwai suna guda mai harafi huɗu wanda tsohon ba ya furtawa. In ya iso kansa a addu'a sai ya ce Adonai, wato Ubangijina. In hira ake yi sai ya ce Hashem, ma'ana "Sunan" kawai. Ya bayyana masa cewa girmamawa ce. Kakanninsu sun bar furta shi tun dā, har yadda ake faɗarsa ma babu mai tabbas yanzu.

Mutumin bai yarda ba. Shi kamar mu ya taso, da labarin Ismul A'azam, sunan Allah mafi girma da in an roƙa da shi ake amsawa. Ya kuma san malaman gida, yadda suke riƙe laƙani sai ɗalibi ya nace. Sai ya ce a ransa, ai shi ne wannan, ɓoyewa tsoho yake yi. Kuma wa ya fi shi cancanta?

Ya je shago ya ce ya kusa karɓo sunan.

Aziz direba ya ce, "Malam, in ka karɓo ka fara roƙa mini takardun zama. In abin ya yi nauyi, ko wurin fakin mota ma ya ishe ni."

Aka yi dariya. Ya ce, "Ku yi ta yi. Ranar Lahadi layi za ku bi."

Ya 'yan uwa, me ya rage wa mutumin da ya yi wannan cika-baki a gaban jama'a?

Su Yahudawa, a addininsu, daga faɗuwar rana ran Juma'a har dare ran Asabar, ba sa kunna wuta, ba sa kashewa. Kuma tsohon ba ya cewa da mai jinya kai tsaye ya kunna masa. Sai dai ya ce, "Yau gidan da duhu," mai hankali ya gane. Abiba ta koya wa ɗan nata wannan tun ranar farko. Ta ce fitilar hanyar banɗaki ba a taɓa ta.

Ran Juma'ar nan, da magariba ta yi, mutumin ya bi fitilun gidan ɗaya bayan ɗaya ya kashe.

Tsohon ya ce, "Yau gidan da duhu."

"Baba, kalma ɗaya ce. Ka faɗa, haske ya dawo."

"Ɗana, ba ni da ita. Da ma ina da ita, ba don fitila zan faɗe ta ba."

Mutumin ya koma kicin ya zauna yana danna waya. Ba shi da ko shakka. Yana hango kansa ranar Lahadi, Aziz a durƙushe. Tsoho ne fa, zai gaji.

Fitsari ya matsi tsohon. Bai kira shi ba. Ya lalubi sandarsa ya miƙe. Gefen kafet ya harɗe shi, ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye.

A asibiti 'yarsa ta tambaye shi yadda aka yi yana tafiya cikin duhu. Tsohon ba ya ƙarya, sai ya faɗa mata. Aka kama mutumin da laifin cutar da tsohon da ke hannunsa. Aka ɗaure shi. Takardun zamansa da ake kan dubawa suka rushe, da ya gama wa'adi aka sa shi a jirgi. Tsohon bai sake taka ƙafarsa ba, bai sake komawa gidansa ba. Gidajen da 'yar tsohon ta haɗa da matanmu suka karɓe makullansu. Mata masu ciyar da 'ya'ya nan da gida suka wayi gari ba aiki.

Sau ɗaya Abiba ta ziyarci ɗan nata a kurkuku. Ta ce, "Shekara da shekaru ina yi wa mutumin nan wanka, ko ƙujewa bai taɓa yi ba. Kada ka sake kira na inna." Ta tashi da gwiwarta ta fita.

Ya 'yan uwa, me ya kai shi? Ba jahilci ba ne. Ya san ma'anonin nan fiye da ni da ku. A harshe suka tsaya, ba su sauka zuciya ba. Ya ɗauki sunan Allah tamkar kayan ado na shiga taro, ya ci amanar da ke hannunsa don a ce da shi malam. Wane suna ne za a ƙwato da zalunci, sannan a roƙa da shi a amsa?

Duk wanda aka miƙa wa makullin gidan wani a garin nan, ya san ba shi kaɗai aka miƙa wa ba. Mu duka ne.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya kiyaye mu da cin amanar mai rauni, ya bar mana mutuncin da iyayenmu suka wahala a kai. Amin.