Zaren Auduga a Fuskar Tsohon Masaƙi

An yi wani mutum a wani gari, shekaru da dama da suka wuce, ana ce da shi Malam Mamuda. Sana'arsa ɗaukar fim, tun zamanin da ake ɗauka a kan siririyar leda mai naɗi, wadda faɗinta bai fi ɗan yatsa ba. Ita za a kai birni a wanke, sannan a haska a faffaɗan allon majigi. To, ku saurara. Abin da ya kai ƙwayar gero a kan ledar nan, a allo sai ya kai tulu. Shi ya sa bawan Allahn nan ba ya ɗora sabon naɗi sai ya buɗe kyamara, ya goge tagar da ledar ke bi, ya duba, ya sake dubawa.

Ran nan wata attajira, Hajiya Delu, ta aika masa. Mahaifinta tsohon masaƙi ne, jiki ya ƙi, tana so a ɗauke shi yana saƙa yana sa wa jikokinsa albarka.

Aka fito da tsoho a rirriƙe, aka zaunar da shi. Ana cikin ɗauka naɗin farko ya ƙare, ga tsoho yana haki. Malam Mamuda ya yi sauri ya ɗora na biyu, bai duba ba. Sau ɗaya, jama'a. Sau ɗaya tak.

Da aka mai da tsoho ɗaki Malam Mamuda ya buɗe kyamara, sai ga silin auduga maƙale a bakin tagar. 

Abokin aikinsa Jibo, mai ɗaukar murya, ya raɗa masa, "Yi shiru. In fim ya dawo mu ce mai wankin fim ne ya ɓata. Wa ya san shi a nan?"

Ya ce, "Korarsa za a yi, Jibo. Shi ma da iyalinsa."

Ya je ya durƙusa ya ce, "Hajiya, na yi sakaci. Zare ya shiga, kuma zai fito a hoton. A ba ni gobe in sake."

Ta ce, "Gobe? Ka ga yadda aka shiga da shi?"

Tsoho bai ƙara tashi ba. Kwana uku Allah Ya karɓi abinsa.

Da fim ya dawo aka haska wa dangi, ga baƙin layi kamar igiya ya ratsa fuskar tsoho, tun daga goshi har gemu, daidai inda yake sa albarka. Hajiya ta tashi ta fita tana kuka. Labari ya bazu, ba wanda ya ƙara kiransa aiki. Ya sayar da kyamarar, ya koma gyaran agogo a bakin kasuwa, a nan ya tsufa, a nan ya rasu. Duk wanda ya tayar da zancen, amsarsa ɗaya: "Laifina ne." Shi kuwa mai wankin fim bai taɓa jin sunan Mamuda ba.

'Yan uwa, gaskiyar da ba ta ci maka komai ba, ba a gwada ka da ita ba tukuna. Kai tela da ka ɓata yadi ka ce daga kanti ne, ke da kika fasa tulu kika ce 'yar aiki ce, wanda kuka ɗora wa laifin ba ya nan, amma Allah yana nan. In ka yi kuskure ka ce naka ne, ko da za ka rasa abincinka. Allah Ya ba mu ikon yi.