Sarƙar Rijiyar Farin Yashi

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a Birnin Farin Yashi, an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda rijiya ɗaya tak ke shayar da jama'arsa, ruwanta kuwa mai dafi ne tun asali. Abin da ya sa ake shansa lafiya shi ne wata doguwar sarƙar duwatsu masu daraja da aljanu suka bai wa kakanninsa, wadda ta nannaɗe kanta cikin ruwan ta zama dunƙule, da ɗan kogo a tsakiya daidai girman ƙwayar dafin. Duk ƙwayar da ta faɗa kogon sai ta fashe, sharrinta ya mutu.

Sarki ya daɗe yana jin zafin a ce dukiya irin wannan tana kwance cikin duhu a cukurkuɗe. Ranar da ya yi umarni a ciro ta, 'yarsa Gimbiya Zinaru ta durƙusa gabansa ta ce, "Ranka ya daɗe, aikinta a naɗinta yake. A bar ta yadda aka same ta."

"Yarinya," in ji Sarki, "ko rawanin dogari ba a barinsa a yamutse, balle kayan sarauta."

Aka kai ta gidan bugu kamar sabuwar shadda, aka turara, aka buga har ta miƙe sambal. Sarki ya rataya ta a fada, aka sha kallo, sannan aka mayar da ita rijiya, tunda ko dutse ɗaya bai ɓace ba. Ƙanen Zinaru, Yarima Tanimu, shi ya fara sha don jama'a su natsu. Bai kai la'asar ba ya rasu.

Zinaru ta ɗauki sarƙar, ta ratsa daji da hamada har gaban Sarauniyar Aljanu, ta roƙe ta ta naɗe mata ita.

"'Yar sarki, ni ma ban iya ba," in ji aljanar. "Wasu duwatsun na son ruwa, wasu na gudunsa su ɓuya a cikin naɗin, jerinsu kuwa shi ya san hanyarsa. Sanya ta ita kaɗai cikin sabuwar randa mai ruwan sanyi, ki rufe, ki janye hannunki."

Janye hannun ne ya fi yi wa Zinaru wuya, domin kullum tana jin motsi cikin randar, zuciyarta na cewa ta taimaka. Ta daure. Da ta buɗe, sai ga dunƙulen ya dawo, har da kogonsa.

Ta mayar da sarƙar rijiya. Ita ta fara shan ruwan a gaban jama'a, birni ya farfaɗo. Ba a jima ba aka ɗaura aurenta da yariman wata ƙasa da ta amince da shi. Maroƙa suka cika fada suna kirarin Jatau mai gyaran rijiya, Sarki yana gyaɗa kai. Zinaru tana cikin lulluɓi ta kasa kunne har aka watse, ko wani zai ambaci Tanimu. Ba wanda ya ambata.