Rundunar da Ba Ta San Kowa Ba

An yi wani mutum, lauya, mai ba gwamna shawara. Yana da baki, yana da kai, tsoron Allah ne kawai ya yi masa ƙaranci.

A zamaninsa kowace unguwa da 'yan sandanta, kuma 'ya'yan unguwar ne. Sai ma'aikatan masaƙa suka shiga yajin aiki. Aka ce a tarwatsa su, 'yan sanda suka noƙe. Wa zai ɗaga kulki a kan kawunsa?

Masu masaƙa suka kai kuka wurin gwamna, ga zaɓe ya matso. Lauyan nan ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, sanayya ce ta ɓata aikin. A ɗebo samari daga nesa, waɗanda ba su san kowa ba. A yi musu runduna ɗaya, umarni daga ofishinka kawai."

Shi ya rubuta dokar. Har ya sa a ciki cewa ba mai kai ɗan rundunar kotu kan abin da ya yi a bakin aiki. Matarsa ta ce, "Baban yara, in suka yi kuskure fa?" Ya ce ta bar siyasa ga masu ita.

Yajin aiki ya mutu. Daga masaƙa rundunar ta koma kan 'yan adawa, daga nan kan duk wanda ya yi tari da ƙarfi.

Ya 'yan uwa, babban ɗan lauyan nan likita ne. Wata rana da hantsi aka sake tarzoma, ya durƙusa bakin titi yana ɗaure wa wani rauni. 'Yan rundunar suka far masa. Ya ambaci sunan ubansa, ba wanda ya taɓa jin sunan. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Uban ya je wurin kwamanda. Kwamanda ya ce, "Yallaɓai, ai ka fi ni sanin doka." Gwamna ya aiko da ta'aziyya, bai ƙara ɗaukar wayarsa ba. Matar ta koma gidan wanta.

Ya tsufa shi kaɗai a falo. Maƙwabta ba sa leƙo shi, don ba gidan da rundunar ba ta taɓa ba a layin. Ran da ya mutu, da ƙyar aka cika sahu.

Ya 'yan uwa, hukuma amana ce. Wanda ya kafa ta don tsare kujera, ba don tsare bayin Allah ba, yana da rabo a kowane jinin da ta zubar, kuma hisabi na jiransa.

Allah ya kiyaye mu da zama hannun azzalumi, ya sa mu cika da imani.