Buhun da Aka Ja wa Layi da Gawayi

An yi wani mutum a nan ƙasar Ikara, can wajen Furana. Ba zan faɗi sunansa ba, wasunku sun sha haɗa sahu da shi. Mai-kasada ake ce masa, kuma yana jin daɗin sunan.

Ya 'yan uwa, kalmar nan kasada ta daɗe tana rikita ni. Manomi ya yi binne, ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, mu ce ya yi kasada. Mutum ya loda kwandunan tumatir zuwa Ikko, bai san ko da tumatir zai isa ko da ruwansa ba, mu ce kasada. Ɗan acaɓa ya kutsa tsakanin manyan motoci biyu, shi ma kasada. Da ita muke yabo, da ita muke zagi. To wai wanne ne wanne?

Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, farka ka ji.

Da kaka mutumin nan ya sayi wake ya cika ɗaki, yana jiran bazara ya yi tsada. Wake kuwa kun san halinsa, ƙwari ba sa ƙyale shi. Malamin gona ya ce ya nemi buhu mai leda a ciki, ya ɗaure tam yadda iska ba za ta shiga ba. Ya ce shi ba shi da wannan lokacin. Ya ɗauko maganin feshin tumatir, wanda ko a gona sai an toshe hanci, ya yayyafa wa waken, ya cakuɗa, ya ɗinke.

Maɗinkin buhunan ya ce, "Alhaji, idan wani ya ci fa?"

Ya ce, "Kafin ya kai tukunya ƙarfinsa ya fita. Kasuwa ai sai da kasada."

Ya yarda da maganar tasa? Wallahi bai yarda ba. Ya ware buhu ɗaya bai sa masa komai ba, ya ja masa layi da gawayi, ya ce wa matarsa Azumi, "Wannan ne na gida, a nan kawai za ki riƙa ɗiba." Bai faɗa mata dalili ba. Da wane bakin zai faɗa?

Ana nan 'yarsu Rahmatu, da ke aure a Likoro, ta zo gida wankan jego, haihuwar fari. Shi kuwa ya bi motar tumatir Kudu. Azumi ta kwance buhu mai gawayi, ta tarar ƙwari sun huhhuda shi, sai gari. Ta duba na kusa da shi, wake sumul kamar jiya aka casa. Ta ce, "Haba, maijego guda in ba ta wannan?" Ta ɗebi mai kyan. Ta ji ɗan wari, ta wanke sau uku, ta ce warin ɗaki ne. Ta yi wa 'yarta alale da manja. Ita kuwa ta dafa mai ƙwarin ta ci.

Kafin la'asar Rahmatu na amai, bakinta na kumfa. Gida ya ruɗe. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce maita, wata ta ce ruwan wankan ne bai yi zafi ba. Aka yi hayaƙi, aka nemo rubutu. Ko da aka sa ta a mota zuwa asibiti, a hanya rai ya yi halinsa. Ta bar jariri ɗan kwana goma sha biyu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutumin ya dawo ya zauna karɓar gaisuwa, shi ma yana tambayar me ya same ta. Sai ranar uku ya shiga ɗakin wake, ya ga bakin buhu na biyu a kwance.

Ya fito ya ce, "Azumi, ba mai gawayi na ce miki ba?"

Ta ce, "Mai gawayin ya yi ƙwari, Alhaji. Sauran me suke da shi?"

Ta ga amsar a fuskarsa. Ranar ta goya jikanta ta koma gidansu. Waken kuwa rami aka haƙa masa.

Yau in kun je kasuwar Maƙarfi za ku gan shi, ba takalmi, da guntun gawayi a hannu. Yana bin buhunan mutane yana ja musu layi, yana tambaya, "Wanne ne na gida?"

Ya 'yan uwa, ka yi kasada da irinka, da guminka, da ƙafarka, Allah ya sa albarka. Amma ran wani ba naka ba ne da za ka gwada sa'a da shi. Wannan zalunci ne, ku kira shi da sunansa.

Abin da har yau na kasa warwarewa shi ne mu. Da buhun nan ya kai kasuwa, 'yar wani ce za ta ci, a binne ta a wani ƙauye, mu kuwa muna nan muna ce masa namijin duniya.

Allah ya jiƙan Rahmatu, ya raya abin da ta bari. Allah ya kiyaye mu da sayar wa bayinsa abin da ba za mu iya zuba wa 'ya'yanmu a kwano ba.