Ranar da Wayar Mai Kekuna Ta Yi Shiru

Akwai wani dattijo mai gyaran kekunan ɗinki, kowa Mai Kekuna yake ce masa. Ranar wata Talata da hantsi yana goge allurai a shagonsa, sai telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya miƙa masa waya.

"Tsoho, kalli shafin intanet na wani sabon kamfani. Kai kuwa naka sai ka ce takardar da ruwa ya jiƙa."

Dattijon ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa a rai.

Autarsa ce ta buɗe masa shafin tun tana makaranta, kafin aiki ya kai ta wani gari mai nisa. Duk tambayar da aka yi masa a shago, shi ya yi bayani, ita ta rubuta, ta ware wa tambayar shafinta daban. Me ya sa keke ke tsinka zare. Me ya sa allura ke karyewa a yadi mai kauri. Shekaru suka ja, shafukan suka taru, har ya zama duk wanda ya rubuta matsalar kekensa a Google, sunan dattijon ne ke fitowa a sama, da lambarsa.

Tun rasuwar matarsa, wayarsa ce abokiyar hirarsa. Gida ba kowa, sai kujeru da agogon bango. A shago kuwa mutanen da bai taɓa gani ba sukan kira, su ce, "Baba, saurari ƙarar da yake yi," su kara wayar a jikin keke. Ya saurara, ya ce a sa mai a wuri kaza, ko ya ce a kawo masa. Wasu sai sun ba shi labarin 'ya'yansu kafin su ajiye.

A satin nan ya nemo wani mai tsara shafuka, ya ce a yi masa sabo fil.

"Tsofaffin shafukan fa, Baba?" in ji mai tsarawar.

"Share su. Tarkace ne."

Da Auta ta kira shi da yamma ya ba ta labari, yana jin daɗi. Muryarta ta canza.

"Baba, kar a goge komai tukuna. Kowane shafi yana da adireshinsa, kuma ta nan mutane ke zuwa gare ka. In za a canza, sai an sa kowane tsohon adireshi ya riƙa tura mutum zuwa sabon. Ka bari in zo ƙarshen wata mu yi tare."

"Ƙarshen wata nawa kika faɗa min? Ke da zuwa gaishe ni ma ya gagare ki."

Ya kashe wayar.

Sabon shafin ya fito da kyau. Dogon shafi ne guda ɗaya, cike da hotunan kekuna masu ƙyalli, irin waɗanda ko taɓa su bai taɓa yi ba. Tela ya gani ya ce, "To, yanzu ka zama mutum."

Wayar ba ta yi shiru lokaci ɗaya ba. Kira ya riƙa raguwa a hankali, har aka kai ga yini guda ba ta motsa ba. Ya duba caji. Ya ƙara sauti. Wata rana ya leƙa wurin tela ya ce ya kira shi, ko wayar ce ta lalace. Ta yi ƙara a hannunsa, lafiyarta lau. Ya koma ya zauna a gaban teburin da babu keke ko ɗaya a kansa.

Bayan makonni wata mata ta shigo da kekenta a kwali.

"Ashe kuna nan, Baba. Yayata ta turo min shafinku, na danna, aka ce babu shi. Na nema a Google, ban gan ku ba. Ni na ɗauka kun rufe, sai da wani ya kwatanta min."

Ya gyara mata keken. Da ta fita, ya daɗe yana kallon lambar Auta kafin ya danna.

"Auta, wayata ta yi shiru."

"Na gani, Baba. Kullum sai na neme ka a Google, ba na samun ka."

"Kullum?"

"Kullum. Ga ni nan zuwa ranar Asabar."

Ta zo, ta ture kwalaben mai gefe, ta buɗe kwamfutarta a kan teburin. Mai tsarawar bai ajiye kwafin tsohon shafin ba, don an ce masa tarkace ne. Ta tono tsofaffin adiresoshin da za ta iya tonowa, ta haɗa kowanne da sabon gurbinsa. Bayanan da suka ɓace kuwa sai da aka sake rubuta su daga farko.

"Yaushe shafukan za su dawo sama a Google?" ya tambaye ta.

"Ba yau ba, Baba. Wasu ma ba za su dawo ba, wasu shaguna sun riga sun hau wurin."

Lahadi da yamma ta koma bakin aikinta. Bayan watanni, kaɗan daga cikin shafukan suka dawo sama, wayar ta ci gaba da ƙara, amma kiran bai kai rabin wanda yake samu a da ba.

Darasi: Kafin ka sabunta shafin kasuwancinka, ka fara sanin ta inda mutane suke samun ka. Ka ajiye kwafin tsohon, kar ka goge shafukan da ke kawo maka jama'a, kuma ka sa kowane tsohon adireshi ya kai mutum ga sabon. Kar fushi ko gorin wani ya sa ka ƙi sauraron wanda ya damu da kai. Ku tura wa 'yan uwa masu sana'a, wataƙila wani yana shirin cewa "share su" a wannan satin.