Ɗakin da Ya Yi wa Yahanasu Daidai

An ce wai wata jakadiya, Tabawa, ta faɗi gaban sarki tana cewa, "Ranka ya daɗe, ni dai abin ya ishe ni. Ɗakin nan da Sarkin Magina Jatau ya gina wa matarka Yahanasu, ƙofa daidai tsawonta, alkuki daidai hannunta, dokin ƙofa ma an rage shi saboda gwiwarta mai ciwo. Wanda bai taɓa ganin mace ba, ina ya san gwiwarta?"

To, maganar ba ƙarama ba ce. In ta tabbata, kan Jatau ne zai tafi, Yahanasu kuma aurenta.

Aka kira Jatau. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ko muryarta ban sani ba. Tsohon ɗakinta aka buɗe mini, na ga inda take dafawa, na ga gefen da ƙafarta ta cinye. Mu haka muke awo."

Sarki bai ce ƙarya ne ba, bai ce gaskiya ne ba. Sai ya sa aka kwashe kayan wani ɗaki a cikin gida tas, ko tsintsiya ba a bari ba. Ya ce, "Shiga, ka gaya mini mai shi."

Jatau ya shiga, ya shafa nan, ya duƙa can, ya fito.

"Mace ce, gajeriya, bahaguwa. Tana cin goro, ga tofinsa a lungu. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Bangon gabas ya yi baƙi da man kitso a wuri ɗaya, har ya yi santsi. Ko ciwon kai gare ta, ko kuwa akwai abin da take saurare."

Sarki ya ce, "Bayan bangon nan wa ke kwana?"

Aka ce, "Yahanasu."

Tabawa ta ɓoye hannun hagunta cikin mayafi.

Sarki ya ce, "Wanda ya karanta jakadiya a bango, ba sai ya ga matata ba. Jatau, tashi ka tafi."

Allah ya raba mu da sa ido. Abin da mutum ya saba yi a ɓoye, ko bakinsa ya yi shiru, ɗakinsa zai faɗa.

Da labari ya kai wa Yahanasu, ba ta yi kuka ba, ba ta yi guɗa ba. Aikowa kawai ta yi: "A gaya wa sarki, tunda maginin bai yi nisa ba, ko zai dawo ya ƙara wa bangon nan kauri?"